Falmaran ko jaket: wacce ce ke kare mai babur?

Da zarar zafi ya kankama, tsohuwar gardamar nan takan dawo tsakanin masu hawa babur. Wasu su ce jaket azaba ce kawai, falmaran ta wadatar tunda ta rufe ƙirji da baya, inda zuciya da huhu da laka suke. Wasu su ce duk wanda ya hau babur da hannuwa a waje bai taɓa ɗanɗana kwalta ba. To, shin falmaran za ta iya tsayawa a madadin jaket? Idan ba za ta iya ba, me ya sa manyan 'yan tseren duniya, waɗanda suka fi kowa sanin faɗuwa, suke sanye da wata irin falmaran a ƙarƙashin kayansu? Kuma yaya za a yi da zafin, tunda masu kuka da shi ba ƙarya suke yi ba?

Wace falmaran, wace jaket?

Rabin gardamar yana tasowa ne saboda falmaran ɗin ba iri ɗaya ba ce, kuma kowa da wadda yake nufi.

Akwai ta fata ko ta jins, wadda aka fi gani a hotuna da finafinai. Asalinta ƙungiyoyin masu babur ne na Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka riƙa yanke hannuwan jaket ɗinsu suna ɗinka tambarin ƙungiya a baya. Aikinta shaida ne da ado, sai ɗan tare iska daga ƙirji da kuma aljihu. Akwai mai ƙyalli, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wadda aka yi don a hangi mutum daga nesa. Yadinta sirara ne ƙwarai, ba ya tare komai ban da ido. Akwai mai garkuwa, wadda aka ɗinka wa faranti a baya da ƙirji don rage ƙarfin bugu. Akwai mai jakar iska, wadda ke kumbura lokacin haɗari. Sannan akwai waɗanda ba ruwansu da haɗari sam: wadda ake jiƙawa da ruwa don ta sanyaya jiki, da wadda ake jonawa da batirin babur don ta ɗumama shi.

Jaket ma haka take. Ba kowace riga mai dogon hannu da zif ba ce jaket ɗin babur. Ta babur tana da abubuwa 3 da ta kwalliya ba ta da su: yadi ko fatar da ke jure gurza, ɗinkin da ba ya ɓarkewa idan aka ja shi a ƙasa, da garkuwa a kafaɗu da gwiwoyin hannu. Jaket ɗin fata ta ado, mai laushi da sheƙi, sau da yawa fatar tata ba ta kai kaurin wadda ake yi wa mahaya ba, wadda galibi ta shanu ce mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4. Don haka duk inda na ce jaket a nan gaba, ta babur nake nufi.

Abin da ke samun jiki idan aka faɗi

Faɗuwa daga babur illa biyu take yi, kuma kowace da maganinta daban. Ta farko bugu: jiki ya daki ƙasa, ko mota, ko bakin titi. Ta biyu gurza: jiki ya ci gaba da tafiya a kan kwalta bayan ya rabu da babur, har sai gogayya ta tsayar da shi.

Mutane sun fi raina ta biyun, saboda ba su cika lissafa ta ba. Wanda ya faɗi yana gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, zai iya jan jiki a ƙasa kimanin mita 15 zuwa 20, cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan gudun ya ninka, nisan ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi. A duk tsawon wannan tafiya kwalta dutsen wasa ce, kuma tana cin duk abin da ya taɓa ta. Rigar auduga ba ta ɗaukar ko ƙiftawar ido. Wandon jins na yau da kullum, a gwaje-gwajen da ake yi da injin gurza, ba ya kai daƙiƙa ɗaya yake hujewa. Bayan yadi sai fata, bayan fata sai tsoka. Irin wannan rauni likitoci suna kula da shi ne kamar ƙuna: a kankare tsakuwa da ƙasa daga cikin nama, a yi ta fama da ruɓa, wani lokaci har sai an yanko fata daga cinya an dasa. Ba ya cika kisa, shi ya sa ba a ba da labarinsa, amma yana kwantar da mutum makonni, yana hana shi neman abinci, kuma idan ya warke a kan gaɓa tabon yakan ɗaure ta.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, wane sashe na jiki ne yake fara isa ƙasa? Ba ƙirji ba ne. Mutum in zai faɗi hannu yake miƙawa, ba da shawararsa ba, haka jiki yake. Tafin hannu ya sauka, gwiwar hannu ta biyo, sai kafaɗa, sai ƙugu da gwiwa. Waɗannan su ne kusurwoyin jiki, inda ƙashi yake dab da fata ba tsokar da za ta kare shi, kuma a kansu nauyin mutum yake taruwa lokacin da yake jan ƙasa. Masu tsara ma'aunin kayan babur sun raba jiki shiyya-shiyya gwargwadon haɗari, kuma kafaɗu da gwiwoyin hannu da ƙugu da gwiwoyi su ne shiyya ta farko. Gaban ƙirji da ciki suna cikin waɗanda ba su cika gurzuwa ba.

Nan ne matsalar falmaran take. Abin da aka yanke mata shi ne daidai abin da ake bukata. Ta rufe inda kwalta ba ta cika taɓawa ba, ta bar inda take fara ci. Ko ta fata mai kauri ce, kariyarta ta tsaya a baya da gefen haƙarƙari, kuma wannan ma sai idan ta zauna a jiki. Yawancinsu maɓalli ne ko igiya ke riƙe su, wasu ma a buɗe ake sa su, da an fara jan ƙasa sai su naɗe su koma wuya.

Masu cewa "ai ni ba na gudu" su lura da binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan an bi diddigin haɗura 900 a yankin Los Anjeles. Matsakaicin gudun da babur yake yi a daidai lokacin karo bai wuce kimanin kilomita 35 a awa ba. Yawancin haɗuran a gajerun tafiye-tafiye suka faru, ba da nisa da inda mahayin ya taso ba. Wato tafiyar da mutum yake ganin ba ta kai a sa mata jaket ba, ita ce aka fi faɗuwa a cikinta. Kuma irin wannan gudu shi ne inda tufafi suke da tasiri sosai.

Yadda ake auna kariya

Tun daga 2018 dokar Tarayyar Turai ta ɗauki tufafin babur a matsayin kayan kare lafiya, wanda ke nufin sai an gwada su kafin a sayar da su da wannan suna. Ma'aunin da ake amfani da shi yanzu shi ne EN 17092, kuma saboda manyan kamfanoni duk suna sayarwa a Turai, tambarinsa ya bazu ko'ina a duniya. Ana samunsa a cikin rigar: hoton mutum a kan babur, da harafi a gefe.

Harufan 5 ne. AAA ita ce mafi ƙarfi, irin kayan tsere. AA ta doguwar tafiya ce, A kuma ta cikin gari, mara nauyi. B tana jure gurza amma ba ta da garkuwa. C kuwa riƙe garkuwa kawai take yi, ba a yi ta don gurza ba, ana sa ta ne tare da wata riga. A gwajin gurza ana juya yankin yadin a kan kankare har ya tsaya, kuma ga shiyya ta farko ana farawa ne da gudun da ya yi daidai da kilomita 120 a awa ga AAA, 70 ga AA, 45 ga A. Wannan lissafin ɗakin gwaji ne, ba alƙawari ba ne cewa mutum zai faɗi a wannan gudu ya tashi lafiya. Amfaninsa shi ne kwatanta riga da riga. Falmaran mai garkuwa da mai jakar iska da yawa a aji C suke, wanda ya nuna cewa su kansu masu yin su ba su ce su kaɗai sun isa ba.

Garkuwar ma tana da nata ma'auni, EN 1621. Ana sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kusan mita ɗaya a kanta, a auna ƙarfin da ya ratsa. Matakai biyu ne. Ga garkuwar gaɓoɓi, mataki na 1 bai kamata ya bar fiye da kilonyuton 35 ya wuce ba, mataki na 2 kuma 20. Ga ta baya an fi tsanantawa: 18 da 9. Ba sai mutum ya san mene ne kilonyuton ba, ya isa ya san cewa mataki na 2 a baya rabin bugun mataki na 1 yake bari ya isa jiki.

Akwai wani abu da masu saye da yawa ba su sani ba. Ma'aunin bai wajabta garkuwar baya a cikin jaket ba, ko da AAA ce. Shi ya sa za ka buɗe aljihun bayan jaket mai tsada ka tarar da soso kawai, wanda aka sa don rigar ta tsaya da kyau a kanti. A wannan gaɓa masu falmaran mai garkuwa suna da gaskiya: tasu ta fi irin wannan jaket kare baya. Gyaran kuwa mai sauƙi ne, a cire soson a sa garkuwa mai tambari.

Iyakar abin da jaket take yi

Bai kamata a yi wa jaket kirarin da ba nata ba. Binciken da Liz de Rome da abokan aikinta suka yi a Kanbera ta Ostireliya, wanda aka buga a 2011, ya bi mahaya 212 da suka yi haɗari. Waɗanda suke sanye da jaket da wando da safar hannu na babur ba su cika kwanciya asibiti ba kamar waɗanda ba su sa ba, kuma idan kayan suna da garkuwa raunin yakan ƙara raguwa. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne a buɗaɗɗen rauni, yanka da ƙujewa. Amma binciken bai ga wani ragi na a zo a gani ba a karaya. Haka kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da aka sayar da sunan na babur sun yage a haɗarin.

Wannan ya yi daidai da hankali. Garkuwar roba mai kaurin yatsa tana baza bugu, tana rage shi, amma ba za ta hana ƙashi karyewa ba idan mutum ya daki gefen mota da gudu, ko hannu ya lanƙwashe ta inda ba a yi shi ya lanƙwashe ba. Sai dai karayar da fata ta rufe da wadda ƙashi ya fito ya sha ƙasa ba ɗaya ba ne a wurin jinya. Kuma kada wannan magana ta mantar da mu hular kwano. Ita ce ke raba rai da mutuwa: nazarin da ya tattara bincike da dama ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wanda ba shi da ita, gardamar falmaran da jaket ba tasa ba ce tukuna.

Maganar zafi

A nan ne masu falmaran suke da hujja mafi ƙarfi, kuma ba na son a yi musu gatse a kai. Jaket ɗin fata baƙa, a tsakiyar rana, a cikin cunkoso, da zafin inji yana tasowa daga ƙasa, abu ne da ke iya jawo haɗari da kansa. Mutumin da zafi ya galabaitar hankalinsa yana raguwa, yana jinkirin taka birki, yana saurin fushi, yana kutsawa inda bai kamata ba don kawai ya samu iska. Jaket ɗin da ta yi nauyin da mai ita yake barin ta a rataye kuwa ba ta kare kowa.

Amma akwai kuskure a tunanin cewa buɗe jiki shi ne sanyi a kowane hali. Zafin fatar mutum yana wajen digiri 33 zuwa 35. Matuƙar iska ba ta kai haka zafi ba, idan ta bugi fata tana kwashe zafi, shi ya sa ake jin daɗi. Da zarar ta haura haka, sai lissafin ya juye: iskar ce take zuba wa jiki zafi, kuma gwargwadon gudu gwargwadon abin da take zubawa. A wannan hali abin da ya rage wa jiki shi ne zufa, wadda ke sanyaya fata yayin da take bushewa. Iska mai zafi da ƙarfi tana busar da zufa nan take, mahayi ya ga hannunsa a bushe ya ɗauka ba ya zufa, alhali ruwan jikinsa ƙarewa yake yi. Ga rana kuma tana dukan fata kai tsaye na awanni. Ƙishirwa, ciwon kai da jiri sukan zo ba sallama. Saboda haka a tsananin zafi, musamman a doguwar tafiya, rufe hannuwa da yadi mai haske wanda ke barin iska ta ratsa a hankali ya fi barin su a waje.

Abin da ya sauya wannan gardama shi ne jaket ɗin raga. Ana yin gabanta da bayanta da cikin hannuwanta da yadi mai ƙananan huji, iska na shiga tana fita, sannan a sa yadi mai ƙarfi da garkuwa a kafaɗu da gwiwoyin hannu. Da babur ya fara tafiya, bambancinta da falmaran wajen shan iska kaɗan ne, a wasu lokuta ma ta fi, domin falmaran ta fata toshe ƙirji da baya take yi, inda aka fi yin zufa. Gaskiya ne raga ba ta kai fata juriya ba, yawancinsu aji A ne, wasu AA. Amma tazarar da ke tsakanin raga da fatar shanu ba ta kai ko kusa da tazarar da ke tsakanin raga da fatar mutum ba. A tsaye cikin cunkoso kuwa kowace riga zafi take, wannan ba wanda ya magance shi.

A Ostireliya da Niyu Zilan an kafa wani shiri mai suna MotoCAP a 2018, wanda ke sayen kayan babur daga kanti yana gwada su, yana ba su taurari iri biyu daban: na kariya da na yadda suke barin zafin jiki ya fita. Abin da sakamakonsu ya yi ta nunawa shi ne tsada ba ita ce inganci ba, kuma ana samun rigar da ta haɗa biyun daidai gwargwado.

Falmaran mai sanyaya jiki tana da wuri a nan, amma a ƙarƙashin jaket. Ana jiƙa ta, a matse, a sa, iskar da ke ratsa raga ta riƙa busar da ita sannu a hankali. Tana aiki sosai inda iska take a bushe. Inda iska ke da laima kuwa ruwan ba ya bushewa, sai ta zama jiƙaƙƙen kaya kawai a jiki. Idan aka sa ta ita kaɗai a waje, iska takan busar da ita da wuri, sanyin ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Sanyi da gajiya

A sanyi babu gardama mai tsawo. Iska mai digiri 10, ga wanda ke gudun kilomita 100 a awa, tana kwasar zafin jiki kamar digiri 4. Hannuwa ne ke riƙe da birki da kuloci, kuma hannun da ya sandare ba ya damƙa da sauri. Falmaran tana ɗumama ƙirji, wanda ke taimaka wa jiki ya ci gaba da tura jini zuwa yatsu, shi ya sa mai ɗumamawa da lantarki take da amfani ƙwarai, amma ita ma a cikin jaket. Ko ba sanyi, iskar da ke dukan jiki da rigar da ke kaɗawa awa bayan awa suna gajiyar da mutum fiye da yadda yake zato. Ga ƙwari da tsakuwar da tayar mota ke harbowa.

Falmaran mai ƙyalli: kariya kafin haɗari

Wannan ita ce falmaran da nake ganin an fi raina ta ba bisa haƙƙi ba. Ba ta hana ko ƙwarzane, amma aikinta shi ne kada a kai ga faɗuwar. Binciken Hurt ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na haɗuran karo ne da wani abin hawa, kuma babban dalili shi ne direban bai ga babur ɗin ba, ko ya gan shi a makare, galibi a mahaɗar hanya. Babur siriri ne, ido yana wahalar ƙiyasta gudunsa, kuma direban da ke neman mota da idonsa yakan kalli babur bai gan shi ba.

Wani bincike da aka yi a Okland ta Niyu Zilan, aka buga a 2004, ya nuna cewa mahayan da ke sanye da kaya masu ƙyalli ko masu maido da haske haɗarin jin rauninsu ya yi ƙasa da kashi 37 cikin 100, farar hular kwano kuma ta fi baƙa da kashi 24. Ana iya cewa mai sa irin waɗannan kaya dama can mai taka-tsantsan ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin shekaru da ƙwarewa da makamantansu. Faransa ta wajabta wa masu babur ɗaukar irin wannan falmaran tun farkon 2016, don su sa idan lalura ta tsayar da su a gefen hanya.

Abubuwa biyu ne a jikinta, kuma ba lokaci ɗaya suke aiki ba. Launin mai ƙyalli da hasken rana yake aiki, ya fi amfani da asuba da magariba da ranar hadari, da dare kuwa bai fi farar riga ba. Zanen azurfan nan shi ne na dare, yana maido da hasken fitilar mota zuwa idon direba. Wanki da rana suna kashe duka biyun, wadda ta koɗe ta gama aiki. Sannan jakar goyo tana rufe ta ta baya, gilashin babur da fitila suna rufe ta ta gaba. Kuma wanda ya sa ta ya ci gaba da tuƙi kamar ba a gan shi ba, domin wani direban ko me ka sa ba zai duba ba.

Mai jakar iska

Ga amsar tambayar 'yan tsere. Tun 2018 MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, ta wajabta jakar iska a cikin kayan kowane mahayi, gasar Dakar ta tsere a hamada ma ta bi sahu a 2021. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai igiya, wadda ake ɗaurawa a jikin babur: idan mahayi ya rabu da babur igiyar ta fizge, ta fasa ƙaramar tukunyar gas, rigar ta kumbura. Akwai mai na'ura, irin su D-air na kamfanin Dainese da Tech-Air na kamfanin Alpinestars, wadda ke auna motsin jiki sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ta gane haɗari ta kumbura cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai igiya ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin sake ɗurawa, ba ta bukatar caji, amma sai mutum ya bar babur take tashi, don haka a karon gaba da gaba tana iya makara. Mai na'ura ta fi sauri, amma sai an tuna an yi mata caji.

A lokacin haɗari, wannan ce kaɗai falmaran da take yin abin da jaket ba ta iyawa. Iskar da ke cikinta tana shanye bugu fiye da kowace garkuwar roba nesa ba kusa ba, tana kare haƙarƙari da baya da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, wasu kuma suna tallafe hular kwano don kada wuya ya lanƙwashe da yawa. Raunin ƙirji na cikin manyan abubuwan da ke kashe mahaya bayan raunin kai, don haka ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura da yadda 'yan tseren suke sa ta: a cikin cikakkiyar rigar fata mai hannuwa. Ba su musanya ɗaya da ɗaya ba. Wanda zai sa ta a ƙarƙashin jaket ya tabbata akwai sararin da za ta kumbura, in ba haka ba ƙirjinsa za ta matse.

Ga mai hawa kullum

Wanda babur ne abin hawansa na yau da gobe, ko sana'arsa, ba zai sayi duka waɗannan ba, kuma ba sai ya saya ba. A ganina tsarin a bayyane yake. Bayan hular kwano sai safar hannu, domin tafin hannu ne ke fara sauka kuma da shi ake aiki. Sai jaket mai garkuwa wadda ta dace da yanayin da aka fi hawa a cikinsa, wato wadda za a iya jure sa ta kullum, ko da aji A ce. Sai falmaran mai ƙyalli a kai idan jaket ɗin mai duhu ce, ita ce mafi arha a cikinsu duka. Wanda falmaran ta fata kawai yake da ita, da babu gara ba daɗi, amma ya rufe ta ruf, kuma ya san abin da ta bari a waje. Rigar wasanni ta roba ita ce mafi muni a ƙarƙashi ko a waje, domin zafin gurza yana narkar da ita ta manne a rauni.

Wajen gwada jaket, kada a gwada ta a tsaye kawai. A zauna, a miƙa hannuwa kamar an riƙe kan babur. Garkuwar ta zauna daidai a kan gwiwar hannu da kafaɗa, kuma idan aka kama ta aka murɗa kada ta zame gefe, domin wadda ta zame a kanti za ta zame a kwalta. Bakin hannun ya matse yadda ba za a iya tura shi sama zuwa gwiwar hannu ba. Ƙasan rigar ya rufe ƙugu ko an sunkuya. A duba ɗinkin kafaɗa, mai kyau yana da layi biyu ko uku, ɗaya a ɓoye ta ciki inda kwalta ba za ta fara cinye zaren ba. Jaket ɗin da aka taɓa faɗuwa da ita a duba ta da kyau, idan yadin ya yi sirara ko garkuwar ta tsage a sauya.

Duk wannan ya shafi wanda aka goya. Sau da yawa matuƙi ne yake da hula da jaket, na baya kuwa, wanda galibi mace ce ko yaro, yana cikin kayan gida. Shi ba ya riƙe da kan babur, ba ya ganin abin da ke tafe balle ya shirya, kuma idan aka faɗi nisan da zai ja a ƙasa daidai yake da na matuƙin. Idan jaket ɗin da za a ba shi ta yi masa yawa, a ɗaure maɗauran hannu da na ƙugu har garkuwar ta zauna a inda ya kamata, sannan a tattare duk wani mayafi ko bakin zane da zai iya kaiwa ga sarƙa ko tayar baya kafin a tayar da babur.